Kada Ɗanmu Ya Je Alƙahira Ya Zauna a Birik



A makon jiya aka yi walimar sallamar wani ƙanenmu a nan unguwar Briqueterie, wadda bakinmu ya gajarta ta koma Birik. Allah ya ba yaron gurbin karatu a Masar, gidansu kuwa ya cika da murna. Malamai suka yi addu'a, iyaye mata suka haɗa guzuri: yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da kilishin da zai kai shi wata biyu. Bayan an ci an sha sai dattawa suka shiga nasiha. Aka ce ya riƙe salla, ya tsare sunan gidansu, ya guji abokan banza. Daga ƙarshe wani kawunsa ya gyara zama ya ce: "Idan ka sauka, ka nemi 'yan uwanka 'yan Kamaru ka manne musu. Ban da shiga sabgar Larabawa. Daga makaranta sai ɗaki." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, domin ba a ja da babba a bainar jama'a. Amma na kwana da maganar a raina, saboda irinta aka yi mini ranar da za a raka ni filin jirgin sama na Nsimalen. Na bi ta sau da ƙafa, ta kuwa cinye mini shekara biyu cur daga cikin shida da na yi a Alƙahira.

Abin da nake so in faɗa a yau gajere ne, ko da bayaninsa zai ɗan ja. Yaron da muka tura ƙasar Larabawa don ya koyi Larabci, rabin karatunsa yana cikin aji, sauran rabin kuwa yana bakin titi: wajen mai burodi, cikin motar haya, a shagon maƙwabci, a zaman makoki da na buɗa-baki. Idan muka hana shi rabi na biyu da sunan tsare shi, to mun biya kuɗin jirgi ne kawai don ya je Alƙahira ya ci gaba da zama a Birik. Zai dawo da takardar shaida, amma harshen da ya je nema zai baro shi a can.

Bari in kwatanta yadda ranar ɗalibinmu take wucewa, saboda iyayen da ba su taɓa gani ba. Wanda ya yi sa'a yana samun ɗaki a Madinatul Bu'us, wato unguwar kwanan ɗaliban Azhar baƙi da ke Abbasiyya, wadda take karɓar 'yan ƙasashen duniya tun ƙarshen shekarun 1950. Wanda bai samu ba sai ya haɗa kuɗi da 'yan uwa su kama gidan haya, galibi a Madinatu Nasar, musamman Hayyul Ashir inda 'yan Afirka suka yi yawa. Mu bakwai ne a namu gidan: huɗu daga Yawunde, biyu daga Ngaundare, ɗaya daga Duwala. Da asuba a tashe ka da Hausa. A karya kumallo da Hausa. A fita a shiga mota tare, a aji ma layinmu ɗaya. Da an tashi a dawo gida, wanda girki ya faɗo kansa ya tuƙa tuwo, a ci ana musun ƙwallo da Faransanci gauraye da Fulatanci. Da dare kowa ya rungumi wayarsa yana sauraron saƙonnin murya daga gida: an haihu, an rasu, an ɗaura aure, ruwa ya yi gyara a gangaren unguwa. Sai a kwanta. Wata rana na zauna na yi wa kaina lissafi, na tarar Larabcin da ya fita daga bakina tun safe har dare bai wuce sallama da "nawa ne wannan" ba. Ina zaune a birnin da ya fi kowane birnin Larabawa yawan jama'a, amma da na yi zamana a zauren malaminmu a nan gida da na fi haka furta Larabci, don a zaure aƙalla ana sa ka ka biya karatu da ƙarfi.

Kunya da tsoro ne suka jawo haka, ba lalaci ba. Na tafi ina ganin kaina wani abu. Na haddace Ajurrumiyya, na taɓa Alfiyyar Ibnu Malik, na san dalilin da ya sa Zaidu ke ɗaukar rufu'a Amru ke ɗaukar fataha. A kwana na uku da saukata na je sayen burodi, na tsara jimla mai kyau da cikakken i'irabinta, na miƙa wa mai shago. Ya dube ni, ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Mutanen da ke layi suka fashe da dariya. Sa'an nan ya tambaye ni abin da nake so da wasu kalmomi biyu waɗanda ban taɓa gani a littafi ba. Sai daga baya na gane cewa mutanen Alƙahira ba sa ce wa burodi "khubzu", "aish" suke ce masa, wato rayuwa. Cewa harafin jim a bakinsu ya koma "ga", ƙaf kuwa ta faɗi hamza ta tsaya a gurbinta. Na koma gida da burodina da kunyata, na ƙudura cewa ba zan sake buɗe baki a waje ba sai dole. Da yawa daga cikinmu irin wannan rana ɗaya ce take rufe musu baki na shekaru.

Matsalar kuwa ba ta tsaya a kasuwa ba. Malamai da yawa a can, idan sun karanta matanin littafi da fusha, bayanin da zai biyo baya da ammiyya suke yinsa, wato Larabcin gida, domin da shi suke tunani, da shi suke barkwanci. Ɗalibin da ya ƙaurace wa titi sai ya tarar titin ya biyo shi har aji. 'Yan ajin suna dariyar misalin da malam ya kawo, shi yana zare ido. Idan jarrabawa ta matso sai ya haddace littafin tun daga bango har bango, ya zuba a takarda, ya ci. Ana cin jarrabawa da hadda, wannan gaskiya ne, kuma mu jikokin makarantar allo ba a fi mu iya ta ba. Amma hadda ba ta amsa tambayar da ba a shirya mata ba.

Wanda ya fitar da ni daga wannan rami bai taɓa shiga jami'a ba. Wani dattijo ne mai guga a ƙasan benenmu, mutumin Sa'id, wato kudancin Masar. Kullum na zo wucewa sai ya ce, "Itfaddal, ya Shehu," ni kuwa in ɗaga hannu in ƙara sauri. Ran nan zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, 'yan ɗakinmu duk suna fama da jarrabawa, sai ga dattijon ya hawo bene hawa biyar da kwanon romon adas, wani ɗan wake da suke ji da shi lokacin sanyi, wai kwana biyu bai ga giftawata ba. Daga ranar na fara zama a bencinsa bayan la'asar. Ina ce masa Ammi, yana ce mini ɗana. Yana guga yana ba ni labarin ƙauyensu, ina ba shi labarin garinmu mai damina biyu a shekara, yana rantsuwa wai zuƙi ta malle nake yi masa. Idan na yi kuskure sai ya yi dariya har ya ajiye dutsen guga, sa'an nan ya gyara mini. Ban cika wata shida ba sai na ji kunnena ya buɗe a aji. Abin da ya fi ba ni mamaki, fushar ma ta saki a bakina, ashe tsoron kuskure ne ya ɗaure ta tun farko, shi kuwa tsoron ya mutu a kan wancan benci.

A wurinsa na koyi abubuwan da babu su a ƙamus. Na koyi yadda ake miƙa kuɗin mota hannu zuwa hannu daga kujerar baya har ya isa ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi ko sisi bai ɓata ba, da abin da ake ce wa direban idan za a sauka. Na koyi rarrabe gayyatar gaske da wadda suke kira gayyatar masu jirgin ruwa, wato tayin da mutum ke yi daga tsakiyar kogi ga wanda ke tsaye a gaɓa, ya san ba za a amsa ba, kamar dai "bisimilla" ɗinmu ga mai wucewa. Na koyi zaman ta'aziyya a rumfar da suke kafawa a titi, ana karatun Alƙur'ani ana zagayawa da gahawa marar sukari, da kalmomin da ake faɗa wa wanda aka yi wa rashi. A watan azumi na zauna a teburan buɗa-baki da masu hali ke jerawa a bakin hanya, waɗanda ake kira Ma'idatur Rahman, kafaɗa da kafaɗa da leburori da direbobi. Wanda ya san waɗannan abubuwa ya san masu harshen. Idan ya buɗe littafin adabinsu ko ya saurari huɗubarsu, ya san nauyin da kowace kalma take da shi a zukatansu.

Har ƙwallo ta yi mini rana. Duk Bamisiren da ya ji ka ce Kamaru, kafin ka rufe baki ya ambaci Roger Milla ko Samuel Eto'o, sa'an nan ya tuna maka 2008, lokacin da Abu Tirika ya zura mana ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Gana. Daren 5 ga Fabrairun 2017, da muka sake haɗuwa da su a wasan ƙarshe a Gabon, a gidan shayin unguwa na kalla, ni kaɗai baƙo a cikin Misirawa. 'Yan ɗakinmu sun ce in na fita ba ruwansu. Masar ta fara ci, aka yi ta tsokanata. Nkoulou ya rama, sa'an nan ana saura minti biyu Aboubakar ya ɗaga ƙwallo ta kan mai tsaron baya ya ɗirka ta a raga. Wuri ya yi tsit. Na haɗiye ihuna. Can sai mai shayin ya ajiye kofi a gabana ya ce yau ba zan biya ba, amma kada in kuskura in yi murmushi. Aka fashe da dariya, muka raba dare ana gardama, ina kare ƙasata da harshensu. Da suka fitar da mu da bugun fenareti a Olembe a 2022, ina nan Yawunde, saƙon farko da ya shigo wayata daga ɗan mai shayin nan ne. Irin wannan zumunci ba a haɗa wa mutum shi da takardar digiri.

Na san abin da kawun yaron nan zai ce, kuma maganarsa ba ta wofi ba ce. Tsoronsa na farko tarbiyya. Babban birni ne, yaro ɗan shekara goma sha tara, babu uwa babu uba. Wa zai tsawata masa? Gaskiya ne akwai waɗanda suka tafi karatu suka ɓige da yawon dare, ko suka faɗa hannun dillalan da ke yi wa samari romon baka da tsallaka teku zuwa Turai. Sai dai a iya abin da idona ya gani, yawancin lalacewar a cikin ɗakunan 'yan gida take farawa, inda zaman banza da kewar gida suka haɗu, babu babba a kusa. Yaron da limamin masallacin unguwa ya san sunansa, mai shago ya san lokacin dawowarsa, yana da idanu a kansa irin waɗanda muke da su a nan Birik, inda ba ka isa ka yi abin kunya a gaban teburin mai tsire labari bai riga ka isa gida ba.

Tsoro na biyu na malamai ne, wai ammiyya tana ɓata fusha. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mun ga wanda ya dawo ya hau mumbari yana "ga" a wurin jim. Maganin wannan shi ne a riƙe su duka biyu, kowace a muhallinta, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka. Yaron Birik yana rubuta Faransancin makaranta a jarrabawa, ya fito ya yi na titi da abokansa, ya shiga gida ya gaida kakarsa da Hausa, bai taɓa rikita su ba. Mai neman inda zai yi fusha zalla ma ba zai rasa ba. Ga zaurukan karatu na masallacin Azhar inda ake karantar da littattafai kyauta. Ga ɗaliban Indunusiya da Maleshiya waɗanda babu harshen da ya haɗa ka da su sai ita. Ga masu sayar da littattafai a lungunan bayan masallacin, ga baje kolin littattafai na Alƙahira da aka fara tun 1969, wanda galibi ake buɗewa a ƙarshen Janairu. Duk waɗannan ma sai an fita daga ɗaki ake samunsu.

Tsoro na uku shi ne wanda ɗalibai ba su cika faɗa wa iyaye ba: wulaƙanci saboda launin fata. Ba zan ɓoye ba, yana nan. Yara za su bi ka da sunayen tsokana, wani zai tambaye ka ko kuna da gidaje a ƙasarku, wani mai gidan haya da ya ga fuskarka zai ce an riga an kama ɗakin. Ranar da aka yi maka haka, ba abin da kake so irin ka rufe ƙofa ka ji Hausa, kuma ban ga laifin wanda ya yi hakan ba. Amma na lura da abu ɗaya. Ranar da na iya mayar wa wani matashi magana da harshensa, cikin raha ba tare da zagi ba, mutanen motar suka goya mini baya, shi ya sunkuyar da kai. Marar harshe ba ya iya kare kansa, ba ya iya kai ƙara, ba ya iya ciniki, ko a layin sabunta takardar zama sai ya nemi mai yi masa magana. Keɓewa tana rage zafin yini ɗaya, amma tana tsawaita rauni na shekaru.

Magabatanmu sun san wannan hanya tun kafin a ƙera jirgin sama. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibnu Rashiƙ a Masar, ta zama masaukin matafiyansu da ɗalibansu. Daga baya a cikin Azhar kanta aka ware wa mutanen Barno nasu ruwaƙi, wato sashen kwana da karatu, kamar yadda aka ware wa mutanen Magrib da na Sham da Turkawa. Ke nan sauka wurin 'yan gida tsohon abu ne, kuma yana da amfani, domin baƙo yana bukatar inda zai sauke kaya da wanda zai yi jinyarsa. Amma mu dubi Malam Muhammadu al-Kashnawi, mutumin Katsina da ya shahara da ilmin hisabi da taurari. Bayan ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti ya sauka, a nan kuma ya rasu a 1741, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar na zamaninsa, kuma yana cikin waɗanda suka adana mana labarin wannan malami. Da Malam ya bi nasihar "daga makaranta sai ɗaki", da bai shiga wannan gida ba, balle ya shiga wannan littafi.

Ba ma sai mun je nesa ba. Kakanninmu da suka gangaro kudu da fatauci suka kafa wannan unguwa a tsakiyar ƙasar Ewondo, a wane aji suka koyi harshen masu gari? A kasuwa suka koya, wajen cinikin goro da shanu da tufafi. Har yau tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba tana ciniki a Mokolo da Ewondo da Faransanci, ta juya ta yi Fulatanci da mai nono, ta gaisa da maƙwabciyarta Bamun. Ba ta bar sallarta ba, ba ta manta Hausarta ba. Mu da muke tsiraru a Yawunde, iya zama da mutane shi ne jarinmu na gado. Abin takaici ne a ce jikan wannan tsohuwa ya je ƙasar da harshenta ya fi kowane harshe daraja a idonmu, sa'an nan mu ce masa ya kama bakinsa.

Na yi ta ambaton Alƙahira don ita na zauna, amma maganar ta shafi sauran wuraren da 'ya'yanmu ke zuwa. Wanda ya tafi Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, yana iya shafe shekaru tsakanin ɗakin kwana da aji da Harami, ga Hausawa mazauna birnin da zai yi hira da su, har ya gama bai taɓa shiga gidan Balarabe ba. Wanda ya tafi Maroko ko Tunisiya ko Aljeriya, nasa tarkon Faransanci ne: da an ji ɗan Kamaru ne sai a juya masa harshe, shi ma ya ji daɗi ya miƙe ƙafa. A Maroko ne ma kalmar "afiya", wadda muka samo "lafiya" daga gare ta, take nufin wuta a bakin mutanen gari. Wanda bai zauna da su ba sai ya yi wa mutum addu'ar da za ta firgita shi. Waɗanda ke Jami'ar Afirka ta Khartum kuwa, da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sai kowa ya shiga neman hanyar fita. A irin wannan rana babu mai tambayar sakamakon jarrabawa. Sanin maƙwabci da jin harshen direba ake bukata.

Me za mu rasa idan muka ci gaba a haka? Mu dubi abin da ke jiran yaron idan ya dawo. Masallatanmu, tun daga babban masallacin unguwa har na Tsinga, limamai nawa za su ɗauka? Sauran fa? Ƙofofin da Larabci ke buɗewa a ƙasar nan sanannu ne: koyarwa a makarantun sakandare, inda yake cikin harsunan waje da ɗalibi ke iya zaɓa tare da Jamusanci da Sifaniyanci, ci gaba da karatu a jami'ar Ngaundare ko ta Marwa, tafinta a ofisoshin jakadancin ƙasashen Larabawa da ke nan Yawunde, rakiyar alhazai, wakilcin 'yan kasuwarmu masu saro kaya daga Dubai da Alƙahira. Kusan dukkansu baki suke nema kafin takarda. Na taɓa halartar wani taro da aka kawo baƙo Balarabe, aka tura wani ɗan uwanmu mai digiri ya yi tafinta. Baƙon ya saki barkwanci, tafinta ya yi shiru, gumi ya karyo masa, sai wani direban babbar mota da ya taɓa zama a Kusiri cikin Larabawan Shuwa ya ceci taron. Ban kawo wannan don a yi dariya ba. Ba domin Allah ya haɗa ni da mai guga ba, da ni ne a wurin. Ga kuma asara ta biyu: shekara shida yaro ba ya karatu da Faransanci, ya dawo ta yi tsatsa, ga ɗawainiyar daidaita takardarsa a ma'aikatar ilmi mai zurfi, ga jarrabawar shiga aiki da Faransanci ko Ingilishi. Idan Larabcin ma bai zauna ba, an yi ba tsuntsu ba tarko ke nan: uwa ta sayar da zinariyarta, yaro ya ba da ƙuruciyarsa.

'Yan matanmu da ke tafiya, nasu ƙuncin ya ninka na maza, don nasihar da ake yi musu ta fi tsanani. Ba ina cewa a sake su yawo ba ne. Amma maƙwabciya Balarabiya, da zauren karatun mata a masallaci, da ƙawar aji, duk ƙofofi ne na mutunci. Ɗalibar da ta shiga madafin maƙwabciyarta ta ga yadda ake kaɗa mulukiyya, ta gane ashe lalon gidansu ne, ita ma ta nuna musu yadda muke yin tamu, za ta fito da kalmomin da ba za ta samu a aji ba. Ita ce kuma za ta dawo ta karantar da ƙannenmu a islamiyya, don haka abin da ya shiga bakinta ya shiga bakin unguwa.

To mene ne abin yi? Iyaye, mu canza tambaya. Idan kun kira, bayan kun tambayi salla da lafiya, ku tambaye shi sunan maƙwabcinsa, ku tambaye shi da wa ya ci abinci a wannan mako wanda ba ya jin Hausa. Ku rage jefa shi cikin kowace rigimar gida ta waya; wanda zuciyarsa ke kwana a Birik kullum ba zai waye gari a Alƙahira ba. Manyan ɗalibai da ke can, ku ci gaba da tarbar sabon zuwa, Allah ya saka muku, amma bayan 'yan watanni ku taimake shi ya sami ɗaki da wanda ba ya jin Hausa ko Faransanci. A bar ranar Juma'a ta zama ta tuwo da zumunci, sauran kwana shida na abin da ya kawo ku. Mu kuma da muka dawo, nauyi yana kanmu. Me zai hana duk wanda zai tafi mu zauna da shi wata guda a zaure, mu koya masa maganar mota da ta kasuwa da ta gaisuwa, mu gaya masa tun daga nan cewa za a yi masa dariya, kuma dariya ba ta kisa?

Kai kuma ƙanena mai shirin tafiya, ka zaɓi mai shago ɗaya, masallaci ɗaya, benci ɗaya, ka lizimce su har a san ka. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, duk kalmar da ta wuce ka ka rubuta, da yamma ka tambaya. Ka yi kuskure da ƙarfi, mai tambaya ba ya ɓata. Kada ka yar da Faransancinka, ko shafi ɗaya ne ka karanta kullum, don nan za ka dawo. Idan aka ce maka "itfaddal", wata rana ka tsaya ka zauna.

Washegarin walima na je gidan kawun yaron, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa wannan magana a keɓe. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce shi da ya zo garin nan yana saurayi ko "zo" bai sani ba da Faransanci, a shagon wani tela Bamileke ya koya, kuma har telan ya rasu suna zumunci. Sa'an nan ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma sallar dai ya riƙe." Na ce, "Baba, wannan ba musu."

Allah ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya haɗa su da mutanen kirki, ya buɗe musu ƙirji da harshe, ya dawo mana da su da ilmi mai amfani. Wassalamu alaikum.